Laifin Tuƙi da Neman Izinin Yawo da Bindiga a Amurka

'Yan Nijeriya masu yawa suna zaune a ƙasar Amurka, waɗansu don karatu, waɗansu don neman abinci, kuma da dama daga cikinsu tuƙi ne sana'arsu. Mai tuƙi kullum kuwa da wuya ya shekara bai gamu da ɗan sandan hanya ba. Saboda haka akan yi tambaya: mutumin da aka taɓa ci tara don ya yi gudu fiye da ƙa'ida, ko ya ƙetare jar danja, za a hana shi izinin yawo da ƙaramar bindiga ta hannu, watau libarba? A mafi yawan jihohi tara ɗaya ko biyu da aka biya a kan kari ba ta hana. Abin da ke jawo hani shi ne yadda mutum ya yi da tarar bayan an ci shi.

Da farko ya kamata a sani cewa Gwamnatin Tarayyar Amurka ba ita ke ba da wannan izini ba, kowace jiha daga cikin jihohi 50 tana da tata doka. Abin da dokar tarayya ta 1968, tare da gyare-gyarenta, ta yi shi ne ta lissafa waɗanda ba su da halin riƙe bindiga ko kaɗan. A cikinsu akwai wanda aka samu da laifin da hukuncinsa zai iya wuce ɗaurin shekara ɗaya, da mai gudun shari'a, da mai shan miyagun ƙwayoyi, da wanda aka hukunta don dukan iyalinsa. Laifin gudu da mota ba ya cikin jerin. Amma akwai sharaɗin da ya fi shafar baƙo: wanda ya shiga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba an hana shi, haka kuma mai bizar karatu ko ta ziyara, sai fa in ya shiga cikin 'yan togaciyar da dokar ta yi, kamar mai lasin farauta. Ɗalibi dai tun a nan maganarsa kan tsaya, ba a ma kai ga batun mota ba.

Jihar Texas misali ce mai sauƙin ganewa. A can an kasa ƙananan laifuffuka gida uku. Na ƙasa duka hukuncinsa tara ce kawai, ba ta wuce dala 500, ba ɗauri, kuma a nan yawancin laifuffukan hanya suke. Waɗannan ba su hana lasin bindiga. Wanda kuwa aka samu da laifi na gida biyun da ke sama, sai ya jira shekara 5. Tuƙi cikin maye, ko da karo na farko ne, yana cikin gida na tsakiya, mai ɗaurin da zai iya kai kwana 180. Jihar Virginia ta faɗi abin a fili cikin dokarta: in ana ƙidaya ƙananan laifuffukan mai nema, ba a sa na hanya a lissafi, amma tuƙi cikin maye yana hana izini har shekara 3. A Pennsylvania wanda aka samu da wannan laifi sau 3 cikin shekara 5 ba shi da damar sayen bindiga ma, balle samun izinin yawo da ita.

Inda Ƙaramin Abu Kan Girma

Takardar da ɗan sanda ya miƙa wa direba a bakin hanya sammaci ce, akwai ranar da aka yanka masa ya biya ko ya bayyana gaban alƙali. Mutum yakan jefa ta cikin akwatin mota ya manta, ko ya tashi daga gidan da yake haya, wasiƙar kotu ta tafi tsohon adireshi. In ranar ta wuce, ana iya dakatar da lasin tuƙinsa, a waɗansu wurare kuma alƙali ya sa hannu a takardar kama shi. Shi kuwa bai sani ba, yana ta tuƙi. Ran da aka sake tare shi, laifin ya zama na tuƙi da lasin da aka dakatar, wanda a Texas yakan hau gida na tsakiya idan an taɓa hukunta mutum a kansa. Ta haka tarar da ba ta taka kara ta karya ba takan kai mutum ga jiran shekara 5. Mai neman izini ana ɗaukar hoton yatsunsa a yawancin jihohi, a bincika sunansa a kundin jiha da na tarayya, kuma jami'in da ya ga takardar kamu a buɗe da wuya ya sa hannu kafin a warware ta.

Sa'an nan akwai jihohin da ke duban halin mutum gaba ɗaya. A 2022 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke tsohon sharaɗin jihar New York da ke tilasta wa mai nema ya nuna wata bukata ta musamman. A shekarar nan jihar ta yi sabuwar doka wadda ta riƙe sharaɗin kyawun hali, ta kuma bukaci mutum 4 masu shaidar mai nema, da horo na awa 16 a aji da awa 2 a filin harbi. Shekaru da yawa ƙa'idodin 'yan sandan birnin New York suka ambaci munin tarihin tuƙi da yawan dakatar da lasin a cikin dalilan hani. Wani mazaunin birnin da aka hana a 2019, daga cikin abin da aka kafa hujja da shi akwai laifin tuƙi fiye da 20. Ya kai ƙara, wani alƙalin tarayya ya ba shi gaskiya a 2023, amma kotun sama ta jingine hukuncin a 2024. Ana iya gardama ko adalci ne a auna riƙon bindiga da riƙon sitiyari, sai dai hujjar jami'an ba boyayya ba ce: wanda ya raina sammaci sau ashirin, me zai sa a amince zai kiyaye dokar makami?

Ɓoye laifi ya fi laifin kansa illa. Takardun nema sun sha bamban. Wata takan ce a faɗi kowane laifi ban da na hanya, wata kuma takan nemi har da sammaci. A karanta tambayar da kyau a amsa ta yadda take. A New York rubuta ƙarya a irin wannan takarda laifi ne mai zaman kansa. Abin da ya fi shi ne mutum ya fara karɓo tarihin tuƙinsa daga ofishin lasin motoci na jiharsa, ya biya abin da ake binsa, ya adana rasit.

A Gida Nijeriya

Izinin da aka samu a Amurka ba shi da wani ƙarfi a Nijeriya. Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu cikin makaman da aka haramta, ba mai riƙe su sai da lasin Shugaban Ƙasa. Bindigar harbin tsuntsaye lasinta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuwa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana lasi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta cikin shekara 5 da suka wuce kan laifin da ya haɗa da amfani da ƙarfi ko barazana. Wanda aka kama da haramtaccen makami ba lasi, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.