Hatsarin Cakulan Ga Karnuka

Karnukan gadi da na farauta da na makiyaya dukiya ce ga masu su, saboda haka ya kamata jama'a su san cewa cakulan, wanda yara ke sha ba tare da wata illa ba, guba ne ga kare.

Ana yin cakulan ne da 'ya'yan itacen koko, irin wanda ake nomawa a jihohin Ondo da Osun da Kuros Riba. Kada a ruɗe shi da kokon gero na karin kumallo, wannan ba shi da laifi. A cikin 'ya'yan koko akwai wani sinadari mai suna tiyoburomin, ɗan'uwan kafeyin da ke cikin kofi da goro. Jikin ɗan Adam yakan sarrafa shi ya fitar da shi da wuri. Jikin kare kuwa sai ya ɗauki kimanin awa 17 kafin ya fitar da rabin abin da ya shiga, don haka sinadarin yakan daɗe a cikin jini yana zaburar da zuciya da ƙwaƙwalwa fiye da kima.

Tsananin cutar ya danganta ne da nauyin karen da irin cakulan ɗin. Gwargwadon baƙinsa da ɗacinsa, gwargwadon gubarsa. Alamu sukan soma bayyana idan kare ya ci miligiram 20 na sinadarin a kan kowane kilo na nauyinsa. Daga miligiram 60 kuwa sai farfaɗiya. Alal misali, kare mai nauyin kilo 10 zai iya kamuwa idan ya ci giram 40 na baƙin cakulan, ko giram 100 na mai madara, ko babban cokali biyu kacal na tsantsar garin koko. Masu shanya koko su lura, domin ɓawon ƙwayar ma yana ɗauke da wannan guba. Goro ma bai kamata a bar shi inda kare zai kai baki ba.

Yawanci alamun sukan fito cikin awa 6 zuwa 12. Karen zai yi amai da zawo, ya yi ta shan ruwa da yawan fitsari, ya kasa zama wuri ɗaya, yana haki. Idan abin ya yi tsanani sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri ba bisa ƙa'ida ba, jiki ya ɗauki karkarwa, daga nan sai farfaɗiya, wani lokaci har da mutuwa.

Wannan guba ba ta da makari. Manja da nono da wasu kan ɗura wa dabba ba sa karya ta, ruwan gishiri kuwa wata gubar ce ta daban. Abin yi shi ne a gaggauta kai karen asibitin dabbobi mafi kusa, kada a jira alamu su bayyana. Idan an isa cikin awa 2, likita zai iya sa shi ya amayar da abin da ya ci, ya ba shi wani gawayi na musamman mai tsotse guba a hanji, ya yi masa ƙarin ruwa, sa'an nan ya ba da maganin da zai daidaita bugun zuciya. Mai kare ya tafi da takardar da aka naɗe cakulan ɗin a ciki, ya kuma gaya wa likita yawan abin da karen ya ci da lokacin da ya ci.