Amsoshin Tambayoyinku: Yaron da ba ya zama lokacin addu'a

Wata mai sauraronmu daga Kafanchan, uwar yara uku, ta ce ƙaraminsu mai shekara 3 ba ya zama wuri ɗaya in ana addu'ar safe, har ta fara tunanin ko tarbiyyarta ce ta gaza.

To 'yar'uwa, sannu da hidima. Ki kwantar da hankalinki. Ɗan shekara 3 ba ya iya tattara hankalinsa sai na 'yan mintoci, don haka a ganina addu'ar ce ta yi masa tsawo. Ki rage ta. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi da zai tafa hannu, labarin Dauda da Goliyat da bakinki, ba karatu ba, sai godiya kafin a sha koko. Ya isa. Duka kuwa ki bar shi, don yaron da ake zanewa saboda addu'a zai tashi yana gudunta.

An taɓa yin wata mata a Ingila, Susana Wesley, mahaifiyar John Wesley wanda ya kafa ɗarikar Methodist. 'Ya'ya 19 ta haifa, da dama sun rasu suna jarirai. Duk da yawan aiki, takan ware wa kowane yaro lokacinsa shi kaɗai a mako, na John ranar Alhamis ne. Ki gwada haka ko da kina tsince shinkafa ne.

Ranar Lahadi kuma ki kai shi ajin yara, ki samu ki ji wa'azi. Kuma don Allah maigida ya riƙa zama tare da ku.