Gandun Daji Ba Dajin Banza Ba Ne

Jama'ar Sakkwato, ku saurara. Da yawa cikinmu in sun ga alamar gandun daji sai su ce ai na gwamnati ne, ba mai shi, su sa gatari. To ku sani, keɓe ƙasa ya girmi zuwan Turawa. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Kakanninmu ma suna da hurumi da burtali, kuma ba mai sa garma a ciki ya kwana lafiya.

Har ruwa ana keɓewa. Ku dubi kogin Matan Fada a Argungu, inda Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara a 1934. Masunta kan ɗaga wa wurin ƙafa wata da watanni, sai ranar da aka ba da izini su faɗa da koma da gora. Wannan haƙuri ne ke sa giwan ruwa ya ƙasaita har mutum ɗaya ya kasa ɗaukarsa. Dabarar nan ce Muritaniya ta bi a 1976, ta keɓe wani yanki na gaɓar tekunta don kifi ya hayayyafa, tsuntsaye su sami masauki.

A tudu kuwa, gandun Tafkin Kainji ya haura murabba'in kilomita 5,000, ga dorina a kogin Oli, ga ɓauna da gwanki. Maƙwabtanmu na Nijar suna da gandun W tun 1954, har yau da giwaye a cikinsa.

Mu fa? Jiharmu ba ta da gandun tarayya ko ɗaya. Abin da ke hannunmu shi ne irin su dajin Gundumi, wanda a zamanin da ayari ba ya ratsa shi sai da shiri da guzurin ruwa. Yau gawayi da itacen girki suna cinye shi, ɓarayin daji kuma sun sami mafaka. Kada mu ɗora wa mutanen ƙauye laifin su kaɗai, don buhunan gawayin nan cikin birni ake sauke su, mu ne masu saye. Iccen da ake sarewa kuwa shi ne ke tare iska da yashi daga gonakinmu.

Don haka, mai unguwa da liman da malamin makaranta, ku faɗa wa jama'a: kada a ƙona daji don farautar gafiya, kada a sare ɗanyen icce ba izinin malamin daji. Mai hali ya koma girki da gas, kowane gida kuma ya dasa darbejiya ko giginya da damina, ya shinge ta daga awaki.