Ƙananan Maɗaba'u da Makomar Rubutacciyar Waƙar Hausa: Waiwaye Daga Kano Zuwa Rogo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi gudummawar ƙananan maɗaba'u masu cin gashin kansu wajen raya rubutacciyar waƙar Hausa. Ta nuna cewa babban aikinsu shi ne tace matanin waƙa da tabbatar da mallakarta ga marubucinta, musamman marubutan garuruwa irin su Rogo da Ƙaraye.

1.0 Gabatarwa

Ɗab'in waƙoƙin Hausa na boko ya ginu ne a hannun hukumomi. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar NORLA ta yi aiki daga 1953 zuwa 1959, sannan kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Ta wannan hanya waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja da Infiraji na Aliyu Namangi da Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu suka shiga makarantu. Sai dai ƙofar ta kasance ƙunƙuntacciya, domin littafin da manhaja ba ta nema ba da wuya ya samu shiga.

2.0 Tushen Ɗab'i Mai Cin Gashin Kai

Tun ana wancan zamani akwai wata hanyar a gefe. Masu sana'ar littattafai a Kasuwar Kurmi sukan sa a rubuta waƙoƙin ajami da hannu, a buga su ƙananan littattafai masu araha. Haka kuma ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin, wadda Graham Furniss ya yi digirinsa na uku a kanta a 1977, ta riƙa kai waƙoƙin membobinta gidan rediyo. Bayan shirin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya. Marubutan Kano suka shiga buga ayyukansu da kuɗinsu, aka samu ƙungiyoyi irin su Raina Kama da maɗaba'u irin su Gidan Dabino na Ado Ahmad Gidan Dabino. Ƙagaggun labarai ne suka fi cin moriyar wannan yunƙuri, saboda sun fi waƙa kasuwa.

3.0 Aikin Maɗaba'a Ga Marubucin Waƙa

Waƙar Hausa don rerawa ake tsara ta, shi ya sa ɗab'inta ke buƙatar kulawar da zube bai buƙata ba. Aiki na farko shi ne tacewa. Dole editan ya san kari da amsa-amo, ya bambanta ƙwar biyu da ƙwar biyar, ya kuma gane inda marubuci ya gutsure kalma da gangan don ɗango ya hau ma'auni. Wanda bai san haka ba sai ya gyara kalmar, ya karya baitin. Na biyu shi ne kiyaye karin harshen marubuci ba tare da an yi watsi da ƙa'idojin rubutu ba. Na uku shi ne tabbatar da mallaka. A al'ada marubuci kan saka sunansa da ramzin shekara a baitocin ƙarshe, amma waƙar da ke yawo a WhatsApp sau da yawa a guntule take isa, babu waɗannan baitoci. Bugaggen diwani mai suna da shekara shi ne hujjar da manazarci zai dogara da ita.

4.0 Matsayin Rogo da Ƙaraye

Ƙaramar Hukumar Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, wato tana tsakanin Kano da Zariya, manyan cibiyoyin ɗab'in Hausa. Kusanci dai ba ya biyan kuɗin buga littafi. Marubucin da ke rera waƙar wa'azi ko ta bege a makarantar Islamiyya yana da masu sauraro, amma idan waƙarsa ta tsaya a littafin rubutu guda ɗaya, ruwa ko gara sun isa su shafe ta. Ƙaramar maɗaba'a ce kaɗai za ta yarda ta buga kwafi kaɗan, ko ta haɗa marubuta da yawa a kundi ɗaya don sauƙaƙa kuɗi.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa abin da aka buga shi ne yawanci ake nazarta. Muddin sassan nazarin Hausa na jami'o'i suka taƙaita ga diwanan da suka riga suka yi suna, tarihin waƙar Hausa zai zama na 'yan birni kawai. Ya kamata ɗalibai su tattaro waƙoƙin yankunansu, malamai su taimaka da tacewa, ɗakunan karatu kuma su sayi abin da ƙananan maɗaba'u suka fitar, su adana shi.