Shin Tsawon Rai Gado Ne?

Rai a hannun Allah yake, amma a cikin sababai gado yana da rabo, sai dai bai kai yadda ake zato ba. Binciken tagwayen da aka haifa a Denmark daga 1870 zuwa 1900 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon rai ne kawai ke komawa ga ƙwayoyin halitta. A Japan, matsakaicin tsawon ran namiji shekara 50 ne a 1947, yau ya haura 80, alhali jinin mutanen bai sauya ba. Abinci, rigakafi da magani ne suka inganta.

Za ka ce akwai zuri'ar da ke kaiwa ɗari. Haka ne, a can gado ya fi tasiri, amma sai an tsallake taba da hawan jini tukuna. Don Allah a riƙa auna jini.