Kafin ka ɗaure makunnin dutsen guga

Yawancin dutsen guga na lantarki yana da ɗan makunni a ciki mai yanke wuta idan zafi ya kai. Fallayen ƙarfe ne sirara masu tsalle, an jera su bisa juna, tsakanin kowanne akwai zoben tangaran, ƙusa ɗaya ta ratsa su duka. Mai gyara, kafin ka kwance, ɗauki hoton jerin da wayarka. Zobe ɗaya ya sauya gurbi, aiki ya ɓaci.

Inda haɗarin yake shi ne jikin ƙusar nan. Dole tangaran ya raba ta da fallayen da ke ɗauke da wuta. In ya tsage, ko da tsagar kamar gashi ce, wuta na iya bin ƙusar ta hau jikin dutsen, kuma hannun mai guga ne a kai. Kada ka maye gurbinsa da roba, kwali ko salatif. Ƙasan dutsen yakan kai digiri 200, duk za su narke ko su ƙone. Nemo tangaran daga mataccen dutse.

Ɗaure da hankali: ka matse da yawa ya fashe, ka sassauta fallayen su karkace. Tabbatar bakunan azurfa biyu da ke kan fallayen sun haɗu fuska da fuska. In sun yi baƙi, goge su da takarda mai kauri, banda zarto.

Sannan ka sa mita tsakanin kowane falle mai ɗauke da wuta da jikin dutsen. Muddin ta yi ƙara, don Allah kada ka miƙa wa mai shi.