Amsoshin Tambayoyinku: Na Sa Ubuntu, Kwamfuta Ta Yi Gum

Wani mai sauraronmu daga Fagam, a ƙaramar hukumar Gwaram ta jihar Jigawa, ya ce ya sa wa kwamfutarsa manhajar Ubuntu, komai na tafiya daidai, amma lasifika ko tari ba ta yi. Yana tambaya ko sai ya kai ta Birnin Kudu wurin mai gyara.

To Malam, kada ka yi saurin biyan kuɗin mota. A Linux, direbobin sauti galibi suna zuwa ne a cikin manhajar tun asali, ƙarƙashin tsarin ALSA da Jaroslav Kysela ya fara a 1998. Sau da yawa toshe sautin kawai aka yi. Buɗe Terminal ka rubuta alsamixer. Idan ka ga MM a ƙasan Master ko Speaker, matsa can da maɓallin kibiya ka danna M. Zai koma OO, sai ka ɗaga ƙarar. Leƙa saitin sauti ma, don in an jona kwamfutar da talabijin, kamar yadda masu gidan kallon ƙwallo ke yi, takan tura sautin ta wayar HDMI.

In kuwa Dummy Output ka gani a saitin sautin, injin bai gane katin sautin ba ke nan. Wannan ya fi damun sababbin kwamfutoci masu Intel. Sa data kaɗan, rubuta sudo apt install firmware-sof-signed, sannan ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa.